Jan fatsa don kamun tuna albako da ƙaramin jirgi: ta ina ake farawa?

Sabon-shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum masana. Ina neman haske a kan kamun kifin tuna mai dogon fiffike, wanda ake kira albako, ta hanyar jan fatsa a bayan jirgi yana tafiya. Jirgin mai tsawon mita 6 da rabi ne, injinsa guda mai ƙarfin doki 150, tankinsa na cin lita 230, kuma mutum uku ne za su hau. Kifin yana wajen kilomita 65 daga gaɓa. Ta yaya ake gane ruwan da yake ciki? Fatsa nawa ake saki, a wane nisa, da wane gudu? Sannan man zai isa kuwa? Allah ya ƙara sani.

Mai-fatsa ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Fara da ruwan, domin duk kyan kayanka in ka ja su a ruwan da babu kifi, yawo kawai ka yi.

Albako yana son ruwa mai ɗumin digiri 15 zuwa 18 a ma'aunin Salsiyas, kuma garau, shuɗi sosai, wanda in ka leƙa za ka hangi farfela tar. Ruwan kusa da gaɓa yakan zama mai sanyi, kuma kore saboda ƙananan tsirran da ke yawo a ciki, kuma can ƙananan kifaye suke kiwo. Kifin tuna da ido yake farauta, don haka yakan tsaya ta ɓangaren shuɗin yana kai hari bakin koren. Wannan iyakar ita ake nema. Daren da za ka fita, duba hoton tauraron ɗan'adam na zafin saman teku da na launin ruwa, ka nemi inda zafin ya yi tsalle da digiri ɗaya ko fiye a ɗan gajeren nisa, ka sa wurin a GPS. Hoton da ya kwana uku kada ka dogara da shi, iska tana matsar da iyakar. In ka isa, sa ido a kan ma'aunin zafin jirginka da tsuntsayen da ke faɗawa ruwa ko suke zaune cincirindo. A gaɓar Oregon da Washinton ta Amurka lokacinsa daga Yuli ne zuwa Oktoba, a Niyu Zilan kuwa daga wajen Disamba zuwa Afrilu, kuma wanda ake kamawa a saman ruwa yawanci matashi ne mai kilo 5 zuwa 15.

Gudu: kilomita 11 zuwa 14 a awa. Ka fara da 12, ka dubi kifin ƙaryan da kake ja. Ya kamata ya riƙa nutsewa yana jan zaren kumfa, yana ɗan leƙowa jefi-jefi. In yana tsalle yana tungure a iska, gudun ya yi yawa ko zaren ya yi gajere.

Ku uku, fatsa biyar sun ishe ku. Biyu na hannu ne, igiya mai kauri da aka ɗaure a kusurwoyin bayan jirgi, tsawon mita 8 zuwa 12, kowacce da roba mai talewa a gindinta don ta shanye fizgar farko. In babu robar, ko dai bakin kifin ya yage ko igiyar ta tsinke. Sai sanduna biyu a gefe, ɗaya a mita 25, ɗaya a mita 35. Ta biyar a tsakiya, can baya wajen mita 55, inda kumfar farfela ta lafa. Kada biyu su zama tsawo ɗaya, ranar da ka karya kwana za su sarƙe. Ka fara sakin mafi nisa, ka ƙare da na kusa.

Zaren sanda mai ɗaukar kilo 15 zuwa 20, da zaren baki, wato guntun da ake ɗaura wa kifin ƙarya, mita biyu mai ɗaukar kilo 30 zuwa 40, a haɗa su da mahaɗi mai juyawa don kada zaren ya murɗe. Kifin ƙarya mai gashin tsuntsu ko mai jelar roba, tsawon santimita 10 zuwa 15, shi ne ginshiƙi. Na tsakiyar nan kuwa a sa masa na katako mai kan dalma. Da sassafe ko in akwai hadari, baƙi da shunayya. In rana ta take, mai haske irin kore da rawaya. Amma ni a ganina an cika surutu a kan launi. Girman ya fi muhimmanci: tsaga cikin kifin farko ka ga abin da yake ci, ka daidaita.

Tsohon-matuƙi ya amsa:

Malam Mai-fatsa ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ni da mai zan fara, ba da ruwa ba, tunda shi ne zai ce ko a je ko kada a je.

Ƙa'idar ita ce a raba tanki uku: kashi ɗaya na zuwa da aiki, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi. A lita 230, abin da za ka tsara tafiya a kai bai wuce 153 ba. Yanzu mu yi lissafi na misali, kai kuma ka auna naka injin da jirgin ɗauke da kaya, ba fanko ba. A ce yana shan lita 0.7 a kilomita a ruwa mai kwanciya: zuwa ya ci 45. Jan fatsa awa biyar a kan lita 10 a awa, 50 ke nan, domin wannan gudun shi ne mafi wahala ga irin wannan jirgin, bai hau saman ruwa ba, turin ruwan yake yi da ƙirji. Dawowa ita ce ke yaudarar mutane. Bin kifi ya ƙara nisanta ka, a ce kilomita 80, jirgi ya yi nauyi, iskar yamma ta taso ta tilasta maka rage gudu, sha ya koma lita guda a kilomita. Jimla 175. Ka ga ka riga ka ci rabon ajiya. Mafita biyu ce: ko ka rage awannin ja zuwa uku ka kuma riƙa ja ta fuskar gida, ko ka jira makon da ruwan ɗumin ya matso kilomita 40. Ɗaukar jarkoki ba laifi, amma a ɗaure su tamau, kuma juye fetur jirgi yana tangaɗi aiki ne mai haɗari.

Da inji guda, kada ka tafi kai kaɗai. Ku fita jirgi biyu, kuna jin juna a oba-oba. Rediyon VHF iyakarsa abin da eriya ke hange, tsakanin ƙananan jirage ba ya nisa sosai, tashar neman agaji kuma ita ce 16. Ka riƙe na'urar EPIRB mai kai kuka ta tauraron ɗan'adam, batir biyu, famfon kwashe ruwa biyu, da matacin mai na sauyi, domin girgizar teku tana tayar da dattin gindin tanki ya toshe mataci. Rigar ceto a jiki take zama, ba a akwati ba. Ka bar wa wani a tudu inda za ka da lokacin dawowarka.

A hasashen yanayi kada ka tsaya a tsayin igiyar ruwa kawai, duba tazarar da ke tsakaninsu. Mita biyu masu tazarar daƙiƙa 12 lilo ne mai sauƙi. Mita ɗaya da rabi masu tazarar daƙiƙa 6 duka ne. In kuma ta bakin kogi za ka fita, kada ka ƙetare shi lokacin da teku ke janyewa, saboda ruwan da ke fita yana karo da igiyar da ke shigowa ta miƙe tsaye. Lissafa lokacin dawowarka ma da wannan.

Sabon-shiga ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, lissafin nan ya buɗe min ido. To idan kifi ya kama fa, a tsaya nan take? Kuma ƙanƙara nawa za a ɗauka?

Mai-fatsa ya amsa:

A'a, kada ka taɓa maƙurar inji. Albako garke yake tafiya, in ɗaya ya kama ka ci gaba da gudunka kana ƙirga goma, sau da yawa sauran fatsun ma za su kama. Daga nan ka rage gudu amma ka bar inji a giya, don zaren ya zauna a miƙe kuma kifin ya tsaya a baya. A fara jawo na hannu, a tara igiyar cikin bokiti, kada kowa ya naɗa ta a hannu ko ya taka ta. A naɗe fatsun da ba su kama ba, sannan a fuskanci masu kifi.

Birkin kwarkwaro, wato abin naɗe zaren sanda, a saita shi tun a tudu da sikeli, wajen rubu'in ƙarfin zaren, wato kilo 4 zuwa 5. In ya fi haka, gudun jirgi da fizgar kifi za su haɗu su yaga baki. Da ya zo kusa zai nutse ya riƙa zagaye a ƙarƙashin jirgi. Ɗaga sanda a hankali, naɗe zare yayin sauke ta, kuma kada ka miƙe ta tsaye cak, nan take karyewa. Mai babbar ƙugiya ya jira zagayen ya kawo kifin saman ruwa, ya sa ta a kai, ya ɗago shi da ja ɗaya. In kuna da ƙananan kifaye na koto, ku riƙa watsa kaɗan-kaɗan tun daga kamun farko, garken zai tsaya a gindin jirgi. A nan sai a koma siririn zare mai ɗaukar kilo 10 zuwa 12, don idonsa babba ne, yana ganin mai kauri in jirgi na tsaye.

Uwar-ƙanƙara ta amsa:

Malam, batun ƙanƙara kada ka ɗauke shi ƙarami. Jikin tuna ya fi ruwan da yake ciki ɗumi, kokawa kuma tana ƙara masa zafi. In aka bar shi a daɓen jirgi cikin rana, ƙwayoyin cuta suna haifar da sinadarin histamin a namansa, wanda ke sa jan fuska, ƙaiƙayi, ciwon kai da amai. Dafuwa ba ta kashe shi, daskarewa ma haka, kuma ba lallai kifin ya yi wari ba.

Da ya hau, soka masa tsinke a tattausan wurin da ke saman kai, ɗan bayan tsakanin idanu, ya daina bugun daɓe yana ƙuje namansa. Yanka shi zurfin santimita biyu a bayan dogon fiffiken, gefe da gefe, ka kifa kansa cikin bokitin ruwan teku minti biyar zuwa goma jini ya tsiyaye. Cire kayan ciki, sannan ka nutsa shi cikin kunun ƙanƙara: kashi biyu niƙaƙƙiyar ƙanƙara, kashi ɗaya ruwan teku. Wannan ya fi ƙanƙara zalla saurin sanyaya shi tunda yana taɓa ko'ina. Bayan awa ɗaya ko biyu ka mayar da shi kula, ka cusa ƙanƙara a cikinsa, ka rufe shi da ita, burin shi ne tsakiyar naman ya sauka ƙasa da digiri 4.

Awon kuwa kilo ɗaya na ƙanƙara ga kilo ɗaya na kifi. Kifi goma sha biyu masu kilo 9 sun haura kilo 100, ƙanƙararsu ma haka, ga mutum uku ga mai. Duba allon da ke nuna iyakar nauyin jirginka kafin ka yanke adadin, ka kuma duba dokar lasisi da yawan kamu ta wurin da za ka fita. Ranar da ƙanƙara ta ƙare, a naɗe fatsa ko da kifi na ci. A ajiye kulolin a tsakiyar jirgi a ɗaure, kada nauyi ya taru a baya, kuma a riƙa wanke ramukan fitar ruwa na daɓe, gudan jini da ɓawon kifi suna toshe su.