Uwar 'ya'yana ta kai ƙara a raba aurenmu, ya zan yi da maganar yara?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sana'ar albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Ni da uwar 'ya'yana mun daɗe ba ma zama tare, tana gidan yayarta a Agege da yaranmu biyu. Mun daidaita da baki: ranakun makaranta suna wajenta, Juma'a bayan an sauko masallaci in ɗauko su, Lahadi da yamma in mayar. Kuɗin makaranta da na cefane ni ke turawa. Yanzu an kawo mini sammaci daga babbar kotu a Ikeja tana neman a raba auren, domin bayan ɗaurin aure mun yi rajista a Ikoyi. Rabuwar ba na jayayya da ita, tsorona kar a raba ni da yarana. Wani ya ce in share takardar kawai. Me kuka gani?

Wata lauya:
Malam, kar ka kuskura ka share ta. In wa'adin amsa da aka rubuta a ciki ya wuce, ana iya ci gaba da shari'a da bayaninta ita kaɗai. Auren rajista babbar kotu ce ke raba shi, bisa dokar shari'o'in aure ta 1970, kuma sashe na 71 ya ce maslahar yara ita ce gaba da komai. A amsarka ka zayyana tsarin nan yadda yake, ka roƙi kotu ta tabbatar da shi. Ka tattara rasit na makaranta, bayanan turawar banki da saƙonninku na WhatsApp kan ɗauko yara. Abin da ya fi, ku rubuta yarjejeniya ku sa hannu, a miƙa wa alƙali ya mayar da ita hukunci. In kuɗin lauya ya yi maka nauyi, je Ofishin Kare Haƙƙin Jama'a na jihar Legas, OPD.

Wani dattijo daga Idi-Araba:
Ɗana, ko sisi kar ka rage a cefanen nan don fushi. Ka kira waliyyinta, ku zauna da manya kafin ranar zaman kotu.

Wani malami:
A mazhabar Malikiyya reno na uwa ne, ciyarwa na uba, to dama kuna kan hanya. Sai dai Legas ba ta da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati, sulhun malamai ba zai maye gurbin amsar kotu ba.

Wata uwa daga Agege:
Yaya, don Allah kar wani ya zuga ka ka kwashe yaran zuwa Arewa, za ka ɓata maganarka da hannunka. Wataƙila ita ma tabbaci take nema, don alkawarin baki yakan canja ranar da namiji ya ƙara aure. In za ku rubuta, ku sa nawa ne duk wata, wa zai biya asibiti, da kuma inda yara za su yi Sallah ƙarama da babba da dogon hutu.