Gyaran tsoho ko ginin sabo: muhawara kan wasannin MUD

Malam Sani: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Zan faɗi matsayina tun daga farko domin a samu abin kamawa. Duk mai rubuta manhaja don sha'awa da ke son wasan MUD, wato wasan nan na rubutu zalla da mutane da yawa ke shiga lokaci guda ta intanet, ya fi masa alheri ya nemi wasan da ke raye ya sa hannu a gyara shi, maimakon ya ce sai ya gina nasa daga tushe. Tun da Roy Trubshaw ya fara na farko a Jami'ar Essex ta Ingila a 1978, Richard Bartle kuma ya ci gaba da shi, ba a taɓa rasa injin wasa, wato manhajar da ke tafiyar da wasan, ba. Abin da ya yi ƙaranci a yau shi ne 'yan wasa, kuma duk sabon wasan da aka buɗe, waɗannan 'yan tsirarun ake ƙara rarrabawa, har mutum ya shiga duniya mai ɗaki dubu ya duba jerin waɗanda ke ciki ya tarar da sunansa kaɗai.

Aminu: Wa alaikumus salam. Malam, da girmanka, tarihin da ka ɗauko ni yake goya wa baya. Alan Cox bai tsaya gyaran wasan Essex ba, ya rubuta AberMUD a 1987. Lars Pensjö ya fito da LPMud a Suwidin a 1989, ɗaliban Jami'ar Kopenhagen kuma suka saki DikuMUD a 1991 saboda abin da suka tarar bai gamsar da su ba. Da waɗannan mutane sun bi shawararka, da yau babu tsohon da za ka ce mu gyara.

Hajiya Binta: Aminu, ka tsaya a tsakiyar labarin. Bayan DikuMUD, waɗanda suka yaɗa wasan nan a duniya magyara ne. Merc daga Diku ya fito, ROM da SMAUG daga zuriyar Merc suke, CircleMUD na Jeremy Elson a 1993 shi ma Diku aka tsabtace, kuma tbaMUD yana ci gaba da shi har yanzu. Ni na taɓa bin hanyarka. Na yi wata takwas ina rubuta nawa da harshen manhaja na Python, na samu shiga da fita, ɗakuna da ɗaukar kaya, ina ta jin daɗi. Ranar da abokai biyu suka shigo gwaji, ɗaya ya miƙa wa ɗaya jakar zinariya, wanda aka ba ya adana, sai uwar garke, wato kwamfutar da ke ɗauke da wasan, ta faɗi kafin a adana na mai bayarwa. Da aka dawo, kowannensu yana da jakar. Irin wannan ɓaraka tsofaffin wasanni sun sha fama da ita shekaru aru-aru a lissafin kwamfuta, kuma layukan da kake gani a cikinsu kamar shirme, da yawansu tabon irin waɗannan raunuka ne.

Aminu: Na yarda da wannan, Hajiya, amma bari in nuna inda takalmin ke matsa mini. Burina wasa ne da Hausa. Na sauke CircleMUD, na haɗa shi, na shiga, na rubuta "ƙofa" sai ya dawo mini da "ofa", na rubuta "ɗaki" ya zama "aki". Da na bi diddigi, sai na ga wurin da yake karɓar rubutu yana tace duk harafin da ba ya cikin ASCII, wato jerin haruffan Turanci na kwamfuta, ya yar, domin lokacin da aka rubuta shi babu wanda ya yi tunanin ƙ da ɗ da ɓ. Wannan ma ƙarami ne. Turanci yana ce wa namiji da mace kalma ɗaya idan yana magana da su kai tsaye, mu kuwa dole a ce "ka buɗe" ko "kin buɗe", kuma saƙonnin a warwatse suke cikin fayilolin C, harshen da aka rubuta manhajar da shi, kowanne an dasa shi a inda ake buƙatarsa. Idan zan taɓa kowane saƙo, to me ya rage na tsohon da nake tattali?

Injiniya Garba: Ina ganin kuna haɗa abu biyu a kwando ɗaya, injin wasa daban, duniyar wasa daban. Malam Sani yana maganar al'umma, Aminu yana maganar inji. Matsalar haruffa gyaran layuka kaɗan ce, ko da yake za ta biyo ka zuwa wani wuri, domin a UTF-8, tsarin da ke ɗaukar haruffa irin namu, harafin ƙ bayit biyu ne, wato yana cin gurbin harafin Turanci biyu, tsohon C kuma bayit yake ƙirgawa, don haka duk jadawalin da aka jera da kyau sai ya karkace. Batun "ka" da "kin" shi ne hujja mai nauyi. Sai dai ko a nan ba dole ba ne mutum ya fara daga rubuta yadda ake karɓar haɗin telnet, wato hanyar da 'yan wasa ke shiga wasan. Evennia yana nan, injin MUD ne da aka gina da Python a kan manhajojin Django da Twisted, yana ba ka hanyar sadarwa da ma'ajiyar bayanai, ya bar maka dokokin wasa ka tsara yadda kake so. Wani abu kuma da ya daɗe yana kora mutane daga zuriyar Diku shi ne lasisinsa da ya hana cin riba, amma a 2020 marubutansa sun sake shi ƙarƙashin LGPL, lasisin da bai hana cin riba ba.

Malam Sani: Injiniya ya raba gardama a wani ɓangare, kuma zan sassauta a inda ya dace. Wasan Hausa ba shi da tsofaffin 'yan wasa da za a raba, saboda haka hujjata ba ta hau kan Aminu ba. Amma ga mai son buɗe wani wasan Turanci na takobi da dodanni, ina nan a kan bakata. Discworld MUD yana gudana tun 1991, kuma a irin waɗannan wasanni akwai makafi da ke wasa da manhajar karanta allo, waɗanda gyara ɗaya, kamar rage zanen alamomi da ke cika musu kunne da hayaniya, zai amfane su a daren da aka yi shi. Sabon wasa kuwa sai ya shekara bai amfani kowa ba sai mai shi.

Aminu: To Malam, idan masu tsohon wasan suka ƙi ba ka damar taɓa rubutun manhajarsu fa? Da yawa sai ka shekara kana rubuta bayanin ɗakuna kafin a yarda ka ga fayil ɗaya, kuma ba kowane mai sha'awa ke da wannan haƙurin ba bayan ya dawo daga aiki a gajiye.

Hajiya Binta: Wannan gaskiya ne, ni ma an taɓa barina a bakin ƙofa haka. Amma kafin ka yanke hukunci, Aminu, ka ƙirga mana saƙonni nawa ne a CircleMUD ke magana da ɗan wasa kai tsaye, ka turo adadin nan zauren. Ni kuma zan gwada "ka" da "kin" a Evennia a ƙarshen mako, mu ga wanne ya fi cin lokaci.