"In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta": shiri ake nufi ko tara makami?

Mai Nazari: Salamu alaikum 'yan uwa. Karin maganar nan ta "in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa", ina yawan jin ana jawo ta in za a kare sayen makamai, wai an taɓa maƙwabci gara mu shirya. Haka ake nufi da ita kuwa?

Baban Yara: Wa alaikumus salam. Eh mana malam, ai fitina ba ta san iyaka ba. Gwamnatin Gaddafi ta faɗi a 2011 makaman Libiya suka bazu, 2012 sai ga arewacin Mali ya kama, daga nan abin ya gangara Burkina Faso da Nijar. Wanda ya naɗe hannu yana kallo shi ma za ta iso kansa. Ko kundin Majalisar Ɗinkin Duniya sashe na 51 ya yarda ƙasa ta kare kanta in an kai mata hari.

Hajiya Malama: Baban Yara ka faɗi gaskiya amma ruwa fa aka ce, kuma ruwa kashe wuta yake yi. Ni abin da ke damuna bindiga ba a rubuta mata "ta kariya ce" a jiki, kai ka saya don tsoro, maƙwabcinka ya hango ka shi ma tsoro ya kama shi ya sayi biyu, kai kuma ka ce ka gani ko dama shirin kawo min hari yake yi. Dubi yadda Yaƙin Duniya na Ɗaya ya soma a 1914, an kashe yariman Ostiriya a birnin Sarajevo, Ostiriya ta ɗora wa Sabiya laifi ta shelanta yaƙi kanta, Rasha ta tara soja wai don kare Sabiya, Jamus ta ce an sa ta a tsakiya ta shelanta yaƙi kan Rasha da Faransa ta bi ta Beljiyam, Ingila ta shigo. Kowa cewa yake kare kai yake yi wallahi, kuma miliyoyin rayuka suka salwanta.

Baban Yara: To Hajiya in an shigo an kashe maka mutane fa? Sai ka ce haƙuri?

Hajiya Malama: A'a, wanda aka afka wa ya tare, wannan haƙƙinsa ne. Inda nake tsoro shi ne ranar da "mu tare" ta koma "mu riga su". Amurka ta shiga Iraƙi a 2003 da sunan rigakafin makaman ƙare dangi, ba a samu makaman ba, ƙasar ta wargaje ISIS ta samu gindin zama, abin ya haɗa har da Siriya.

Ɗalibi: Iyayena ku yi haƙuri in sa baki. Ni ban ga inda karin maganar ta hana ka ɗauki ruwan ka fara kai wa ɗan'uwan naka ba, tunda ɗan'uwa aka kira shi ba abokin gaba ba.

Baban Yara: Wannan na yarda da shi yaro. Amma ni dai ba zan ce wa wanda aka ƙone wa gida ya ajiye sandarsa ba sai na ga wanda zai tsare shi.