Ɗana ya ce jikinsa ba na gudu ba ne

Uban yara daga Zariya:
Assalamu alaikum. Ina neman shawara game da ɗana mai shekara 13, wanda ya daina fita ƙwallo tun bayan ƙaramar salla. Yaron yana da jiki, saboda haka idan ana raba 'yan wasa a filin unguwa shi ake ɗauka a ƙarshe, a tura shi gola tsakanin duwatsu biyu. Ranar da aka zura masa ƙwallo huɗu yara suka laƙaba masa "Buhu", ya dawo gida ya cusa takalmansa ƙarƙashin gado. Likita ya ce lafiyarsa ƙalau, amma da na yi masa maganar wasa sai ya ce shi jikinsa ba na gudu ba ne. Yaya zan dawo masa da ƙwarin gwiwa?

Malamin motsa jiki:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka mayar da shi filin nan yanzu, domin wurin da aka kunyata yaro ba ya koyon komai a cikinsa. Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya bayyana tun 1977 cewa babban abin da ke sa mutum ya yarda zai iya wani aiki shi ne nasarar da ya samu da kansa, kuma yabon baki yana bayan wannan. Ku riƙa fita tare bayan sallar asuba, ku yi tafiya mai sauri ta minti goma, shi da kansa ya riƙe agogo yana rubuta abin da ya yi a littafi. Idan ya ga goman ta zama ashirin da rubutun hannunsa, ba sai ka lallashe shi ba.

Ma'aikaciyar lafiya daga Maraɗi:
Alhaji, matsalar ba ta gidanka kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 60 na motsa jiki kowace rana ga masu shekara 5 zuwa 17, amma binciken da ta fitar a 2019 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na masu shekara 11 zuwa 17 ba sa cika wannan, kuma abin ya fi muni a wajen 'yan mata. Ina roƙonka kada ka haɗa maganar wasa da maganar rage ƙiba, don yaro zai ɗauka kai ma kallon da abokansa ke yi masa kake yi.

Tsohon ɗan kokawa:
Ɗan'uwa, wa ya ce dole sai ƙwallo? Jikin da ake yi wa dariya a gola shi ake shakka a fagen kokawa. Ka nema masa sa'ansa a nauyi, a kan yashi mai laushi, da babba a tsaye yana kula da su. Ni ma na makara ban iya gudu ba, amma ranar da na fara kayar da wani yaron da ya girme ni, da ƙafata na koma neman langa.

Uban yara daga Zariya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Mun fara fitar asuba jiya, kuma shi ya tashe ni yau. Maganar kokawa zan bari sai ya nema da bakinsa.