Wace doka za a fara koya wa yara kan ɗafa-ƙeyar Turanci?

Malamar CE2 (aji huɗu na firamare a tsarin Faransanci), garin Garwa, Kamaru: Salamu alaikum malamai. Yara na rikita hoping da hopping a kowace shifta. Wace doka ya kamata a fara da ita?

Malamin CM1 (aji biyar), Marwa: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki fara da ninka baƙi. Fara da e ɗin ƙarshe da ba a furtawa, don 'yan ajin Faransanci sun riga sun san ta daga kalmomi irin su table. Idan ɗafa-ƙeyar, wato ƙarin da ake liƙawa a ƙarshen kalma kamar ing ko ful, ta fara da wasali, e ta faɗi: make, making; hope, hoping. Idan da baƙi ta fara, e ta zauna: hopeful, careless. Mako ɗaya ki ba wannan kaɗai, kalma goma a rana a allon hannu.

Shugaban makaranta, Ngaundare: Haka ne. Amma tushen matsalar Malama a kunne yake. A Hausa ninkin baƙi ana jin sa a baki, baba daban, babba daban, haka ma a Fulatanci. Shi ya sa yaro ke jiran ya ji an danne p kafin ya rubuta biyu, kuma ba zai taɓa ji ba. A Turanci p biyu alama ce kawai cewa wasalin da ya gabace su gajere ne. Ki rubuta hop da hope gefe da gefe, su furta, sannan ki ƙara ing. Sai su duba abu uku da yatsu: gaɓa ɗaya ce? Wasali ɗaya ne? Baƙi ɗaya ne a ƙarshe? In yatsu uku sun tashi, a ninka: run, running, big, bigger. Rain na da wasali biyu, jump na da baƙi biyu, ba a taɓa su. W, x da y kuwa ba a ninka su ko kaɗan: fixing, snowing.

Malamar CE2, Garwa: Allah ya saka, ranka ya daɗe. To y fa?

Malamar CM2 (aji shida), Kuseri: A duba harafin da ke kafin y. Baƙi ne, y ta koma i: carry, carried, happy, happiness. Wasali ne, a bar ta: played. Gaban ing ba ta canzawa, carrying, don kar i biyu su haɗu. Said da paid, daga say da pay, ba sa bin wannan doka, a sa yara su haddace su kawai.

Kalmomi masu gaɓa biyu a ajiye su sai CM, wato aji biyar da shida. Can ne za a nuna musu beginning na ninkawa saboda nauyin murya yana kan gaɓar ƙarshe ta begin, opening kuwa a'a.

Malamin CM1, Marwa: In an zo travelling, a tsaya kan rubutun Ingila mai l biyu, na Amurka l ɗaya ne. Ful kuma kullum l ɗaya: helpful, beautiful.