Neman taimako: me za mu kira turbulence da Hausa?

Mai tambaya: Salam 'yan uwa. Gobe da safe zan miƙa fassarar darasi kan yadda kwamfuta ke lissafa gudun ruwa ko iska a cikin injuna masu juyawa, irin famfo da tabain (turbine, injin da gudun ruwa ko iska ke juya shi). Layukan da ake yanka wurin da su ƙanana ƙanana na sa musu raga, ta zauna daram. Turbulence, wato yanayin da ruwa ko iska ke gudu suna juye-juye suna cakuɗewa, ita ce ta tsaya min a wuya.

Malama: Hargitsi mana. Ko gargada, yadda ake cewa a jirgin sama.

Injiniya: Malama gargada jirgin ne ke yinta, ba iskar ba. Hargitsi kuma kamar babu tsari ko kaɗan, alhali akwai, manyan guguwa ne ke farfashewa zuwa ƙanana har ƙarfin ya ƙare ya koma zafi, abin da masanin lissafi Kolmogorov ya yi wa lissafi a 1941 kenan, kuma a kan wannan hanyoyin lissafin kwamfuta uku suka rabu: DNS tana lissafa kowace guguwa komai ƙanƙantarta shi yasa take cin kwamfuta, LES ta kama manyan ta kintaci ƙananan, RANS kuma matsakaici kawai take ɗauka, ita aka fi amfani da ita a masana'antu. In kalmar bata nuna guguwa ba ɗalibi ba zai gane bambancin ba.

Dattijo: Ai na daɗe ina faɗa, guguwanci. Yadda muke da kasuwanci. Kuma a cire tabain da famfo, aron ya yi yawa.

Malama: Baba da girmanka, guguwanci kamar sana'a ce ko aƙida. Famfo kuwa wa bai san shi ba?

Dattijo: Haka kuke raina harshenku, shi yasa ake cewa Hausa bata iya ɗaukar kimiyya.

Injiniya: Ba raini bane Baba. Ku duba gwajin masanin kimiyya Reynolds na 1883, ya zuba rini cikin bututun gilashi, da ruwa na tafiya a hankali rinin ya miƙe kamar zare, da aka ƙara gudu sai ya hautsine. Hautsinewar gudu kenan, kishiyarta gudu a natse.

Mai tambaya: Na ɗauki hautsinewa, guguwa kuma na bar ta wa ƙananan juye-juyen da ke bayan farfela.

Dattijo: To, ku sa. Amma ta yi tsawo, a baki ba zata daɗe ba. Tabain ɗin kuma ban yarda ba har yanzu.