Neman Taimako Wajen Gane Nau'in Murjanin Teku

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masana halittun teku. Ina kiwon kifin ruwan gishiri a akwatin gilashi a Birnin Kebbi, kuma an kawo mini reshen murjani mai rai daga Legas, wanda mai sayarwa ya ce daga tekun Indunusiya aka ciro shi, amma bai san nau'insa ba.

Na cire Acropora, ɗaya daga cikin nau'o'in murjani, daga lissafi, domin reshen nawa ba shi da babban ramin nan guda ɗaya da take da shi a bakin kowane reshe, haka kuma ba shi da ƙurajen da aka san nau'in Pocillopora da su. Rassansa masu kauri ne, bakinsu a dakushe, ramukan jikinsa ƙanana ƙwarai, shi ya sa na kasa rabewa tsakanin nau'in Montipora da na Stylophora. Launi kuwa ban amince da shi ba, tunda yana sauyawa da hasken fitila.

Ruwan yana kan digiri 26 duk da zafin garinmu. Don Allah, wace alama zan duba a jikinsa yana raye, ba sai na karya reshe na wanke ƙashinsa ba? Ina son sanin hasken da ya dace da shi kafin ya fara yin fari, wato ya rasa launinsa.